Wayar Da Ba A Jona Ba

…kuma wai sun ɗauka ban gani ba. Na gani, Dogo. Ga wayar nan ta fito daga jikin jitata ta bas, mai kaurin murya, ta bi ƙarƙashin kujera, ta zagaya bayan sifika, sai ta tsaya. Ba a jona ta da komai ba. An manne kanta a ƙasa da baƙin salatif, tsaf-tsaf, don kada wani ya yi tuntuɓe. Ko munafuncin ma da tsabta suke yin sa.

Shekara arba'in da fitowar faifanmu, wai shi ne bikin. Sun sake fitar da shi, sabon kwali, sabon rubutu. Ga hotonka a bangon dandamali, kai da ƙahon da kake busawa, ya kai har rufi. Sun goge maka tabon leɓe. Tabon da bakin ƙaho ya yi shekara da shekaru yana ci maka — sun goge, sun ba ka leɓen jariri. Da kana raye da tuni ka sa an sauke shi.

Ɗanka ne ya shirya komai. Ɗazu ya zo ya durƙusa gabana, turarensa har maƙogwarona. "Kawu, kada ka wahalar da kanka. Bas ɗin da ka kaɗa a faifan yana cikin na'ura, shi za mu saki tare da ƙahon Baba. Kai dai ka riƙa motsa yatsu, fuskarka jama'a suke son gani."

Fuskata? Wannan fuskar da ni kaina ba na son cin karo da ita a madubi?

Kai ka mutu, Dogo, suna da hujjar saka ka a na'ura. Ni fa?

Jaz aka ce. Jaz… kiɗan da ba a yin sa sau biyu iri ɗaya. Kai ne kake cewa wanda ya maimaita abin da ya kaɗa jiya, ya tafi ya sayar da jitarsa ya sayi rediyo. Yau ga ni, tsofai-tsofai da ni, zan zauna in kwaikwayi yatsun kaina. Tir.

Ka tuna ɗakin nan na saman shagon mai faci, inda muka ɗauki faifan? Katifu jingine da bango don su sha ƙara, fanka a kashe saboda kada ta shiga faifan, gumi na bin gwiwar hannuna yana ɗiga kan takalmi. Kiɗa na uku. Ka ɗaga ƙahon, ka ja wannan doguwar muryar, ni kuma na saki baki ina sauraronka, na manta ni ma makaɗi ne. Wurin shigata ya zo ya wuce. Ba ka sauka ba. Ka riƙe ta… ka riƙe ta… jijiyar wuyanka ta tashi, ka buɗe ido ɗaya ka harare ni — sannan na shigo. Da muka gama ka ce saura kaɗan ka kashe ni, ɗan banza, muka yi ta dariya har mai ɗaukar sauti ya kore mu waje.

Wannan jiran shi ne faifan. Duk sauran ado ne.

Sun yanke shi. Ɗanka ne ya gaya mini da bakinsa, yana washe haƙora kamar ya kawo mini tsaraba. "Kawu, mun gyara maka wurin nan da ka makara." Sun gyara mini. Na gode, Allah ya yi albarka. Uban mutum ya kusa shiɗewa yana jiran abokinsa, ɗan ya zo da almakashi.

Dubi Mai Ganga can. Shi ma yana nan, Dogo, ya rina gashi baƙi wuluk. Sun cusa masa wani abu a kunne da yake yi masa ƙas, ƙas, ƙas, don kada ya kuskura ya wuce na'urar ko ya bar ta a baya. Mutumin da ya taɓa jifan mai otal da sandar ganga don ya ce a rage sauri! Yanzu yana tsotsar alewa yana gyaɗa kai. Ko kallona ba ya son yi. Ya san da maganar wayar, na rantse ya sani.

Ta tsagar labule ina hango su. Sun cika zauren, kowa waya a sama tun kafin a fara. Ina suke lokacin da muke kaɗa wa kujeru da mai shara? Ga tebur can bakin ƙofa, sababbin faya-fayan bana a jere, da riguna masu hotonka. Na saurari uku daga ciki a motar ɗanka. Sumul-sumul, ba wanda ya yi gumi a ciki, ba wanda ya ji tsoro. In ka ji ɗaya ka ji duka. Anjima wani mai kwat zai hau ya ce tarihi, ya ce gado, a tafa masa. Ƙyanƙyami yake ba ni, duk abin ƙyanƙyami yake ba ni, har wannan farar rigar da suka ɗinka mini.

Layi na biyu… Auta. Ta kawo jikokina duka. Ba su taɓa jin ina kaɗawa ba, jitar a saman sif suka san ta. Da safe ina ji tana ce musu yau za ku ji Kaka da kunnenku. Ƙaramar har ta tambaye ni ko zan ɗaga mata hannu.

Da kunnenku. Me za su ji? Wani saurayi da ya daɗe da barin jikin nan.

A'a. Mai kula da sauti ya juya baya, yana magana da ɗanka. In na sunkuya — wayyo bayana — ga salatif ɗin, ya ɓare. Ga kan wayar a tafin hannuna, sanyi ƙalau. Ga ramin a jikin sifika, jar fitila na ci. Turawa ɗaya ce. In tura, su ji bas biyu, na saurayin nan da nawa, kowa ya ji kunya tare.

To tura mana.

Me ya hana ni? Ba wayar ba ce, hannun ne. Yatsan tsakiya tun bara ba ya lanƙwasuwa sai na taimaka masa. Jiya wurin gwaji na ɗan taɓa kiɗa na uku, ɗanka ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, Mai Ganga ya hau gyaran abin da bai lalace ba. Ba raini ba ne kenan? Tausayi ne? Gara raini, Dogo, raini ana iya rama shi.

Kuma ɗazu, da ya ce kada in wahalar da kaina… kafin fushin ya zo, wani abu ya riga shi. Wani abu a ƙirjina ya sauke numfashi ya zauna. Daɗi na ji. Daɗi. Warin da nake ta nema tun da na shigo zauren nan, ashe ba daga teburinsu yake fitowa ba.

Labule na tafiya. Haske ya dalle mini ido. Da kiɗa na uku za su fara, don shi aka fi sani. Ga tafi, ga ƙaramar ta miƙe kan kujera tana nuno ni. Ga ƙahonka daga sama, ga doguwar muryar ta taso — nan ne, nan ne kake jirana, ka ɗan riƙe ta, Dogo, yanzu zan…

Bas ya riga ya shiga. Daidai kan lokaci.

Ko yatsa ban ɗora ba. Wayar tana hannuna.