Ƙofa ta Biyu da Gyatsar Shanun Kaka Noelene

Tun da takarda ta zo daga Kanbera, babban birnin ƙasarmu, Kaka Noelene ta daina dariya. Wai gwamnati na tsara yadda za a rage iskar da ke ɗumama duniya ba tare da sana'a ta mutu ba, kuma gyatsar shanu na cikin lissafi.

"Ƙarya ne, Darcy," in ji ta. "Garken za su ce in raba biyu. Shanu ɗari takwas!"

"To Kaka, ki hana su gyatsa mana. Ni ai kin hana ni."

Saura kaɗan cokali ya same ni.

Ranar da ma'aikaciyar gwamnati za ta zo kan maganar, Kaka ta kafa ni a baranda. Ƙofofi uku ne tsakanin titin garin Cloncurry da gidanmu, ta biyun a buɗe take don shanu su kai ga ruwa. Kowa a nan ya san yadda ka sami ƙofa haka za ka bar ta. 'Yan birni kuwa rufewa suke, wai taimako. Bara wani ya yi mana haka, maruƙa shida suka mutu da ƙishirwa.

"In ta rufe, ko shayi ba za ta sha ba," in ji Kaka.

Sai ga ta, Philippa, takalmi fes, da buhun busasshiyar ciyawar teku. Wai a zuba kaɗan a abincin shanu, iskar ta ragu, garke na nan yadda yake.

"Malama, shanunmu ko kududdufi ba su cika gani ba, ke kin kawo musu teku," na ce.

"Kai ma zan ɗiba maka," in ji Philippa, "na ji gyatsarka tun daga mota."

Kaka ba ta yi murmushi ba. "Yarinya, ƙofa ta biyu fa?"

"A buɗe na same ta."

"Na sani. Yaya kika bar ta?"

"Mama, da kwamin da shanu ke shan ruwa a bayanta? Wa zai rufe?"

Duk da haka sai da Kaka ta tura ni a babur. A buɗe take, shanu na shan ruwansu.

Da na dawo Kaka ta shinshina buhun, ta yatsina fuska.

"Shanu goma zan ba ki ki gwada, tsofaffi. In guda ta rame, kada ki ƙara wuce ƙofa ta farko." Ta juyo. "Darcy, ɗora ruwan shayi. Kofin da ya tsage za ka ba ta, mai kyaun sai mun ga yadda shanun suka yi."