Awon Tayar Keken Sanda

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Malumfashi ya san Malam Maharazu ma'auni. Shekara ashirin da 'yan kai yana zaune a rumfa ɗaya, ba a taɓa ganin ya shafe bakin tiya ba. Sai ya cika ta ta yi tsororo, ya juye, sannan ya ɗebo gyara da tafin hannu ya watsa a buhun mai saye. Ko ɗiyarsa ce ta ce ya ɗebo mata gishiri, sai ya ƙara mata kaɗan a kai.

Abu ɗaya ne bai iya yi da yalwa ba, wato kwanciyar hankali. In ɗansa ya yi tari, ya hango asibiti. In hadari ya taso, ya hango katangarsa a ƙasa.

Shekara guda bayan an ba Katsina jiharta, babban ɗansa Sanda ya samu aikin malamin gona. Aikin na yawon ƙauyuka ne, yau Dayi, gobe Gozaki, yana nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani da tazarar shuka. Ba keke, ba aiki. Maharazu ya saya masa sabo fil, amma tun ranar da aka kawo shi abinci ya daina yi masa daɗi. Sai ya riƙa tuno manyan motocin da ke tahowa daga Funtua, da gangaren nan na bayan gari inda ƙaninsa Ɗanasabe ya taɓa karya ƙafa.

Ya kai kukansa wurin Lateef mai gyaran keke. Lateef Bayarabe ne haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, kuma abokin hirar Maharazu ne tun zuwansa Malumfashi.

"Malam, ai an yi maganin irinku," in ji Lateef. Ya jawo wani ɗan kwali ya fito da wani abu kamar agogon hannu marar maɗauri. "Mitar keke ce, yayana ya taho da ita daga Ikko. Ana ɗaura ta a kan keke, a liƙa ɗan mayen ƙarfe a wayar tayar gaba. Duk juyin da taya ta yi sai ta ƙirga. Tana faɗin nisa, tana faɗin gudu, kuma gudu mafi yawa da aka yi tana riƙe shi a ciki ba ta mantawa."

"Ko ba na wurin?"

"Ko kana Makka."

Maharazu bai ko yi tayi ba. Lateef ya ɗaura ta, ya ja waya, ya ce saura abu guda: sai an gaya mata faɗin zagayen taya da santimita, don da wannan lamba take lissafi. Ya miƙa hannu zai ɗauko abin awo, Maharazu ya tare shi.

"Latifu, gyaran keke naka ne, awo nawa ne. Nuna mini inda ake dannawa kawai."

A gida ya ari tef ɗin ɗinkin matarsa Mero, ya kifa keken a tsakar gida, ya zagaya tayar sau uku don kada a yi kuskure. Duk sau ukun ɗari biyu da goma sha takwas. Ya duƙa zai danna lambar, sai hannunsa ya ƙi. Lambar ta yi masa kama da tiyar da aka shafe wa baki. Abin da zai tsare masa ran ɗa, shi za a ba awo cif-cif kamar ana faɗa da shi? Ya ƙara ta ta kai ɗari biyu da hamsin, wannan shi ne tsororo. Sannan ya watsa goma a kai, gyara ke nan. Ɗari biyu da sittin. Nan ya ji zuciyarsa ta sauka.

Ya kira Sanda, ya kafa masa doka a gaban uwarsa.

"Iyakar gudunka kilomita ashirin da biyar a awa. Latifu ya ce wannan tafiyar mai hankali ce. Ranar da na ga ta wuce haka, keke ya koma shago, kai kuma ka dawo rumfa mu auna dawa tare."

"Baba, in keke ya koma ai aikin ma ya tafi."

"Gara aiki ya tafi da ƙafa ta tafi. Je ka tambayi Baffanka Ɗanasabe."

Kwana huɗu ana zaman lafiya. Kullum da la'asar Maharazu na zaune a ƙofar gida, kafin Sanda ya gama sallama ya riga ya kama kan keken yana leƙen mita. Ashirin da uku. Ashirin da huɗu. Sanda kuwa ya rasa gane abin da ke faruwa. Yana tafe kamar mai rakiyar amarya, mitar na nuna yana gab da ƙetare iyaka. Har wani tsoho mai jaki ya taɓa jerawa da shi tun daga mararraba suna hirar farashin taki.

Rana ta biyar hadari ya biyo shi daga Gozaki, da takardun ofis ɗaure a kariyar bayan keke. Ya ɗan taka feda. Da ya iso gida, mita ta ce ashirin da tara.

Maharazu ya duba, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa.

"Ashirin da tara, Sanda. Tsere kuka yi da motar auduga?"

"Wallahi Baba ban yi gudu ba. Birkina ma ya kusa cinyewa saboda riƙo. Mitar nan ƙari take yi."

"Ƙarfe ne zai yi maka ƙage? Me ka tare masa?"

Ya tura keken cikin zaure ya sa masa kwaɗo, ya ce jibi Lateef zai zo ya ɗauka. Sanda ya shige ɗaki bai ci tuwo ba.

Washegari da safe Mero ta kawo wa maigidan koko, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Malam, in mai saye ya ce tiyarka ba ta cika ba, korarsa kake yi?"

"A'a. A gabansa nake sake aunawa."

"To ɗanka ya ce ba ta cika ba."

Maharazu ya sha kokon nan bai ji ɗanɗanonsa ba. Da ya gama ya naɗe ƙafar wando, ya buɗe kwaɗon, ya fito da keken. Rabonsa da hawa keke tun kafin a haifi ƙanwar Sanda. Ya bi hanyar Funtua a gefe-gefe, in ya ji ƙarar mota sai ya sauka ya tsaya cikin ciyawa har ta wuce. Dabararsa ita ce duwatsun nan da gwamnati ta kafa a bakin titi, kowane kilomita da nasa. Ya tsaya a na farko ya mai da mita sifiri kamar yadda aka nuna masa, ya ƙirga biyar yana haki.

Mita ta ce shida saura kaɗan.

Ya juyo ya sake ƙirgawa a dawowa. Shida saura kaɗan. Ya zauna a kan dutsen ƙarshe yana fifita da hula. Bai zarce gida ba, sai rumfar Lateef, ya aika a kira masa Sanda.

"Latifu, ɗayan biyu ne. Ko dai mitarka maƙaryaciya ce, ko masu titi sun ci kilomita guda cikin kowane shida. Ni kuwa na fi zargin masu titi."

Lateef ya ajiye tiyub ɗin da yake wa faci, ya danna maɓalli ya riƙe. Lamba ta fito. Ya dube ta, ya dubi tayar, ya dubi Maharazu.

"Malam, wannan tayar keke ka auna ko bakin rijiya?"

"Taya na auna. Sau uku."

"Nawa ka samu?"

"Ɗari biyu da sha takwas."

"To ina ka samo sittin?"

Maharazu ya gyara zaman hularsa. "Ka taɓa ganin na ba da awo a shafe? Na yi mata tsororo, na sa gyara."

Lateef ya yi dariya har sai da ya dafa bokitin ruwan faci. Mai shayin da ke kusa ya leƙo ya ji labari, shi ma ya koma yana riƙe ciki. Sanda, wanda ya iso ana cikin haka, ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa.

"Malam, ita ba ta san alheri ba," in ji Lateef bayan ya share hawaye. "Juyi kawai take ƙirgawa. Ka ce mata kowane juyi ɗari biyu da sittin ne, ta yarda, ai ba ta da ido. Taya ta yi tafiyar biyar, ita ta rubuta shida. Yaro ya yi tafiyar liman, ita ta rubuta ta ɗan kamasho."

"Wato ƙarin da na yi mata..."

"A kan ɗanka ya sauka."

Lateef ya ɗauko alli, ya ce a bi ta yadda ake yi. Aka fita kan dandamalin siminti na gaban shagon magani. Ya ba tayar iska daidai yadda Sanda ke hawa da ita, ya juya ta har bawul, wato bakin da ake ba ta iska, ya zo ƙasa, ya ja layi a wurin. Ya ce Sanda ya hau ya zauna sosai, don nauyin mutum yana ɗan danne taya. Suka tura shi a miƙe a hankali, Maharazu na riƙe da sirdi kamar ranar da ya fara koya masa tafiya, har bawul ya zagayo ƙasa. Lateef ya ja layi na biyu. Maharazu ya zaro tef ɗin Mero daga aljihu ya durƙusa da kansa.

"Ɗari biyu da sha shida."

Lateef ya yi lissafi da allin a ƙasa, ya goge, ya sake. "Ashirin da taran jiya, ashirin da huɗu ce da ɗan ɗigo. Bai kai iyakarka ba."

Maharazu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya ja Lateef gefe, ya rage murya, amma ba yadda Sanda ba zai ji ba.

"Yanzu in aka bar mata ko goma a kai, ai zai riƙa tafiya a hankali bai sani ba, ko?"

"Zai yi. Sai dai kai za ka danna, ba ni ba."

"Baba," in ji Sanda, "duk garin nan ba wanda ya taɓa cewa ka tauye shi a awo. Kada a fara da ni."

Maharazu ya daɗe yana kallon ɗan gilashin. Sannan ya sa babban yatsa ya danna, ya danna, har lamba ta tsaya a ɗari biyu da sha shida. Yatsan ya ɗan yi shawagi a kan maɓallin. Ya janye shi ya cusa hannun a aljihu, ya fito da makullin kwaɗon ya miƙa wa ɗansa.

Sanda ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora ƙafa a feda. "To Baba, tunda gyaran ya rasa wurin zama, a ɗora mini shi a kan ashirin da biyar ɗin mana. Ko talatin ce."

"Wannan tiyar a shafe take," in ji Maharazu. "Kuma ka biya ta nan gobe Latifu ya sake maka birki."

Ya tsaya a bakin titi yana kallonsa har ya sha kwana. Sai da ya ɓace masa sannan ya tuna tun safe bai buɗe rumfa ba.