Garwashin Tsibiri

Hure ta kama mijinta Kabo da hannu dumu-dumu a cikin akwatin ƙarfe. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tiren finjalai.

"Malam, mayar da shi."

"Kallonsa kawai nake yi."

"Ka kalle shi gobe. Yau dai, don girman Allah, ko sunan tsibirin nan kada ya fito daga bakinka."

Kabo ya mayar da ƙullin tsumman. Abin da ke ciki wani baƙin dunƙulen ƙasa ne, bai fi tafin hannu ba, kuma shi ne duk tsarabar da ya yi daga Turai. Bayan yaƙin duniya, yana saurayi, ya yi aikin zuba kwal a wani jirgin ruwan Ingilishi da ya ɗauke shi daga Bar Sudan. Wata igiya ta karya masa ƙafa, aka sauke shi a wani ɗan tsibiri can bayan Sikotland, a gidan wata tsohuwa, har ya warke. Wasu sukan dawo daga Turai da agogo ko kwat. Shi Kabo da labari ya dawo, ya buɗe teburin shayi a unguwar Misfala da ke Makka, yana zuba wa mutane shayi da tsibiri a kofi ɗaya.

Shi a ganinsa taimako yake yi. Ko ɗan dako ne ya zauna, sai ya tsara masa ziyara: in Allah ya kai ka, ka fara da hawa gaɓar yamma, ka ga tsuntsaye masu jan baki da ke kwana a rami kamar gafiya. Ka sauka bakin ruwa ka ga tumaki suna kiwon ciyawar teku. Kada ka wahalar da kanka neman inuwa, bishiya ko ɗaya babu. Da bazara kuwa rana ba ta gama faɗuwa, shi kansa ya zauna jiran Lisha har Asuba ta riske shi da alwalarsa. Sannan ka je ka taya mutanen tsibirin yankan ƙasa, domin ita suke busarwa su hura wuta.

A nan ake fashewa da dariya. Ƙasa ta ci wuta! Da ya nuna musu dunƙulen, suka ce kashin shanu ne. Suka ce ya kunna su gani, ya ƙi, don guda ɗaya ke gare shi. Tun daga ranar, duk wanda ya shara ƙarya a unguwar sai a ce masa ya sha shayin Kabo.

Da abin ya tsaya a teburin shayi, da sauƙi. Amma Abdulganiyyu, direban bas mai kai alhazai Muzdalifa, yana son Sa'adiya 'yar Kabo, ita ma tana sonsa har ta rame. Dangin Abdulganiyyu haifaffun Makka ne masu takardun zama 'yan ƙasa, kuma da suka yi binciken da akan yi kafin aure, ba su samo sata ko shaye-shaye ba, sai tsibiri. Baffan yaron, Shehu Mailafiya mai shagon yadi, ya ce zai zo da kansa bayan La'asar ya ji da kunnensa.

Ya zo a kan lokaci, fari fat, Abdulganiyyu na biye da shi kai a sunkuye. Aka sha gahawa, aka ci dabino, aka taɓa hirar aikin faɗaɗa Harami da gidajen da aka rushe. Kabo yana ta "haka ne, haka ne", harshensa na yi masa ƙaiƙayi. Da Shehu ya yi kukan zafin bana, saura ƙiris ya ce ai akwai inda ake sa rigar ulu da bazara. Ya danna dabino a baki.

Shehu Mailafiya ya girgiza finjalinsa, alamar ya ƙoshi.

"Ya akhi Kabo, ni ba na kwana-kwana. Yarinya mun yaba, talauci kuma ba aibu ba ne. Amma wanda ya yi ƙarya don ya ci riba, na san maganinsa, kullum ina tare da su a kasuwa. Wanda ke yin ta fisabilillahi shi nake tsoro. Jikokinmu za su zauna a cinyarka. Tayyib, faɗa mini tsakaninka da Allah, labarin nan na ƙasa mai cin wuta, mene ne?"

Kabo ya buɗe baki. Amsar tana nan a shirye, ya ba da ita ya fi a ƙirga. Sai ya hangi ƙasan labule, ya ga yatsun ƙafar Sa'adiya, jajaye da lalle, sun dunƙule a kan tabarma.

Tsohuwar ta faɗo masa a rai. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata, amma da ta lura da sallarsa sai ta riƙa ɗumama masa ruwan alwala ba tare da ya roƙa ba. Ranar da ya fara takawa, ita ta riƙe shi har gaɓar yamma. Ranar tafiyarsa ya nuna murhu yana mamaki, ta yi dariya, ta ɗauki dunƙule ɗaya ta sa masa a aljihu. Ya ji kunyarta ƙwarai, kamar tana zaune a ɗakin.

"Hira ce, ya Shehu," in ji Kabo. "Mai shayi in bai da labari, wa zai zauna? Iyakata Bar Sudan. Can wata mota ta taka mini ƙafa."

"Tumaki masu kiwo a teku fa?"

"Ina tunkiya ina teku?"

"Rana?"

"Tana faɗuwa, kamar ta kowa."

Shehu Mailafiya ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya dafa gwiwar Kabo.

"Mashallah! Halas, magana ta ƙare. Abdulganiyyu, dubi surukinka da kyau. Namiji ke nan, mai faɗin gaskiya ko a kansa take."

Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha. Kabo ya shafa tare da su, yana tunanin tsawon shekarun da ya yi yana faɗin gaskiya kyauta ana kiransa maƙaryaci. Ga shi yau ƙarya ɗaya tak ta sama masa shaidar da ko liman bai samu ba.

Ya tashi kawo turare, don a Makka da hayaƙi ake sallamar baƙo. Hure ta riga ta zuba garwashi a kasko, ga ɗan guntun itacen turaren udu da ta aro a gefe. Kabo ya dube shi, ya wuce zuwa akwati. Mutumin da bai wuce Bar Sudan ba, me zai yi da ƙasar tsibiri? Ya ɓare dunƙulen ya ɗora a kan garwashin, ya hura. Gefensa ya yi ja. Wani shuɗin hayaƙi ya taso, ƙamshin ɗakin tsohuwar ya cika masa hanci, idanunsa suka kawo ruwa.

Ya kai kaskon har ƙarƙashin gemun Shehu, ya ɗan karkata shi yadda ko makaho zai ga abin da ke ci. Shehu Mailafiya ya lumshe ido, kamar yadda kowa ke yi, ya jawo hayaƙin da gefen rawaninsa.

"Ajib. Wannan udun na wace ƙasa ne?"

"Na arha ne, ya Shehu."

"Ya yi kama da haka," in ji Shehu, ya miƙe.

Da Kabo ya dawo daga rakiya, ya ji Sa'adiya a ciki tana kuka da dariya a haɗe. Hure kuwa ya same ta tsugune a gaban kasko, tana tona jan dunƙulen da tsinke.

"Malam," ta ce a hankali, "ashe da gaske tana ci."

Nan Kabo ya gane cewa ko matarsa ba ta taɓa yarda da shi ba, haƙuri kawai take yi. Ya rasa ko ya yi fushi ko ya yi dariya.

"Me ke ci? Ai kin ji, iyakata Bar Sudan."

Hure ta jawo tabarma ta zauna kusa da hayaƙin da ya fara raguwa.

"Tsuntsayen nan masu jan baki, a rami ka ce suke kwana?"

Kabo ya leƙa ƙofa, ya tabbata baƙi sun sha kwana. Sannan ya gyara zama.