Kan Batir Ɗin Malam

Ranar da autar Malam za ta ganawar neman aiki, ya murɗa makullin motarsa don ya kai ta, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai, ta ƙi tashi. Saura minti arba'in a fara kiran suna, ga wurin da nisa.

Autar ta ruga ta kira maƙwabcinsu bakanike.

"Kunna fitila, Malam," in ji bakaniken. Fitila ta kawo, amma ana murɗa makulli sai ta dushe. Ya buɗe gaban motar, ya taɓa kan batir, sai ga shi yana rawa, farin gari duk ya rufe shi.

"Wa yake taɓa wannan?"

"Ni ne. Kullum nakan cire shi kada wutar ta tsiyaye, in zan fita in mayar."

"Da hannu kawai? Haba Malam, wannan tattali ya yi yawa!"

Ya wanke kan da ruwan zafi, ya goge, ya ɗaure tamau da sifana. Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

"Baba, mu tafi, godiyar ta jira," in ji autar.

Ai kuwa suna isa, saura mutum biyu a kira ta.