Hasken da Mai Hoto Ya Ƙara

Tsohuwar likita ta kai hoton bakin taga, ta gyara zaman tabarau, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambayi mai hoto ko wace ce wannan baiwar Allah.

Mai hoto ya yi dariya, ya ce ai ita ce, ranar da ta kama aiki. Gyara kawai ya yi: ya share tabon ruwa, ya ƙara wa fuskar haske. Kowa haka yake so, in ji shi, wasu ma har ƙari suke nema.

Haske kam ya ƙaru, har ya wuce gona da iri. Matar da ke cikin hoton ta yi fari tas, kamar rigar da ke jikinta. Ga shi washegari asibitin Turawan da ta yi aiki zai karrama ta, domin ita ce baƙar fata ta farko da ta yi aikin likita a cikinsa. Hoton nan za a rataya a bango, an kuma gayyato 'yan makaranta su gani.

Jikarta, wadda ta rako ta, ta ce a haƙura mana, lokaci ya ƙure, kuma ai Kaka ta yi kyau.

"Da wannan fuskar gare ni, da babu majinyacin da ya janye hannunsa don kada in taɓa shi," in ji tsohuwar. "Ɗana, maido mini da kayana."

Kunya ta kama mai hoto. Ya koma ya zauna gaban na'urarsa.

Washegari aka yi ta jawabi har ƙafafun Kaka suka yi tsami. Da aka yaye ƙyallen da ya rufe hoton, sai ga ta baƙa wuluk, tana murmushi, da abin sauraron ƙirji a wuya. Daɗi ya kama ta, ba ta kuwa ɓoye ba.

Yara suka yi tafi suka nufi teburin lemo, ban da wata ƙaramar yarinya mai gajeren kitso. Ta dubi hoton, ta dubi bayan hannunta, sannan ta matso.

"Kaka, karatun yana da wuya?"

"Sosai ma."

Yarinyar ta sake duban hoton.

"To, ba komai. Na iya wuya."