Duwatsun Yaya Isiyaku

Ina gida wankan jego Yaya Isiyaku ya dawo Rurum Tsohon Gari da guduma, da gwangwanin jan fenti, da tulin buhunan algarara babu komai a cikinsu. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Ya riga ya gama digirinsa na farko a ilimin duwatsu, ya shiga na biyu, shi kuwa na biyun ba a aji ake yin sa ba. Sai mutum ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya bi duwatsun yanki guda yana ɓantaro su, ya kai ɗakin bincike a yanka su siriri a duba, sannan ya rubuta abin da ya gani. Shi yankin Rano da Kibiya ya zaɓa, wai don gida ne. In duwatsun suka isa jami'a zai samu digirin, a riƙe shi ya koyar ya ci gaba da bincike, abin da ransa yake so ke nan tun fil azal. In ba su isa ba, karatun ya tashi a banza.

Yaya ɗan fari ne. Mu kuwa Fulanin gida ne, shanun sun ƙare tun zamanin kakanmu amma kunyar tana nan daram. Innarmu Dije ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba. In ya shigo tsakar gida sai ta faɗa ɗaki. In ta dama fura sai ta ce da ni, "Saude, ki kai wa wancan." Ko wani Isiyakun ne a gari, "mai sunan wancan" take ce masa. Tun ina ƙarama ni ce ƴar aike tsakaninsu, mutane kuma suna ta yaba mata, wai Dije akwai kunya. Ni dai ban taɓa ganin abin yabo a ciki ba, ƙafata ce take shan wahala.

Kullum da safe sai ya hau keke ya nufi Nariya, ko Unguwar Gai, ko bayan Kibiya. Duk dutsen da ya ɓantara sai ya sa masa lamba da jan fenti, ya sa irinta a jikin uwar dutsen, don a san inda kowanne ya fito. Da yamma ya dawo buɗu-buɗu ya jera buhuna a zaure. Da farko dariya ake yi masa. Matan unguwa da ke zuwa yi mini barka sukan ce, "Ashe boko haka yake? A tura yaro ya yi shekaru ya dawo yana tsintar tsakuwa?" Ni ma ina taya su, don abin da ban dariya.

Dariyar ta ƙare ranar da Kawu Ramalan, yayan Inna, ya ga jan fenti a jikin dutsen da ke bakin gonarsa.

A nan dole in faɗi abin da ba a son faɗa a gidanmu. Lokacin babban yaƙin Turawa an yi ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar mutane ƙarfi da yaji ana kai su haƙar kuza a ƙasar Jos. Da Babanmu Zailani da Kawu Ramalan tare aka tafi da su. Kawu ya dawo, Baba bai dawo ba, sanyi da ciwon ƙirji suka kashe shi a can ina goye. Har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba. Saboda haka ban ce tsoron Kawu ƙarya ba ne. Amma Kawu mutum ne mai son a kewaye shi ana saurare, ga shi ya samu magana mai daɗin ja.

"Haka ake farawa," in ji shi a ƙofar masallaci. "Ni na gani da idona. Mutum ɗaya zai zo da guduma da jan fenti. Bayansa sai masu awo, sai a ce gonarka ta zama ta kamfani, sai a zo ɗibar ƴaƴanka."

Nan da nan magana ta zaga gari, ta tsallaka har Nariya. Mutanen da jiya suke taƙama da cewa ɗan Rurum ya kai jami'a, yau sun daina amsa sallamarsa. Dattawa suka taru a zaurenmu, Kawu a gaba, ni ina laɓe a bayan zana da jaririna ina ji.

Yaya ya yi musu bayani cikin ladabi. Ya ce ba kamfani ne ya aiko shi ba, shi shekarun duwatsun yake nema da yadda suka samu. Wani dattijo ya katse shi.

"Ɗana, bar dogon zance. Tambaya ɗaya ce. Akwai kuza a duwatsunmu ko babu?"

Wallahi da ni ce da na ce babu, kowa ya tashi ya tafi gida. Amma Yayana, ɗan jami'a, sai ya ce, "Baba, a ganina da wuya. Amma ba zan ce babu ba sai an duba su a ɗakin bincike."

"Kun ji ko?" in ji Kawu, ya kakkaɓe riga ya miƙe. "Sai an duba!"

Suna fita na afka zauren ko mayafi ban gyara ba. "Yaya, me zai ci ka in ka ce babu? Kalma ɗaya fa!"

"Abin da ban duba ba ba zan yanke hukunci a kansa ba, Saude. Aikin namu ke nan gaba ɗaya. In na fara faɗar abin da mutane ke son ji, me ya rage?"

"Abin da ya rage shi ne buhunanka! To je ka ka faɗa wa Inna da bakinka, tun kafin Kawu ya gama cika mata kunne."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ta ina? In na shiga ta ƙofa ta juya mini baya. Ke dai ki faɗa mata."

Na faɗa mata, ba sau ɗaya ba. Na ce Inna, Yaya koyarwa yake so ya yi, ba ruwansa da kuza. Sai ta ce, "Maijego, ki ji da ɗanki." Kawu kuwa kullum yana ɗakinta, yana ba ta labarin ramukan Jos da yadda aka binne Baba babu ko likkafani na kirki. Maganar yayanta da ya gani da ido, da tawa ni yarinyar da ko wanka ban gama ba, kowa ya san wadda za ta yi nauyi. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin da ake magana a kansa yana zaure, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma al'ada ta ce ba za ta tambaye shi ba, shi ma ba zai tunkare ta ba. Shi kuma da ya ji shiru sai ya ɗauka shirun nan ne da ya saba da shi tun yana yaro.

Rani ya zo ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Yaya ya yi jinga da wata motar ɗaukar gyaɗa daga Rano ta kai buhunan tashar jirgi a Kano. Da hantsi motar ta tsaya a ƙofar gida, shi da direban suka fara lodi, don babu wanda ya yarda ya sa hannu. Gari ya taru ana kallo. Saura buhu kaɗan na ji motsi a bayana. Inna ce ta ratsa zaure ta fito har waje, ita da mazan unguwa suka manta kamanninta.

"Isiyaku!"

Buhun da ke kafaɗar Yaya ya sulluɓe ya faɗi. Ya juyo, kuma wallahi abin da na fara gani a fuskarsa murna ce, irin ta yaro ƙarami. Mutum ya girma har ya tara gemu bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba.

Ta dube shi cikin ido. "Sun cinye mini ubanka, yanzu kai za ka nuna musu hanyar gida? In dutse ɗaya ya bar garin nan da hannunka, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ta juya ta shige. Ba ta tsaya jin amsa ba, da ma ba a amsa irin wannan.

Na jira ya yi magana, ya yi ihu, ya bi ta ciki ya durƙusa ya yi mata bayani. Bai yi ko ɗaya ba. Ya hau motar ya fara sauke buhunan shi kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a jikin katanga a hankali kamar masu fashewa. Kawu Ramalan ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗan albarka," har da ɗaga hannu yana shafawa. Ban san lokacin da na ce masa, "Kawu, ka ji daɗi yanzu?" ba. Aka yi ca a kaina, wai na yi wa babba rashin kunya. Kunya dai, kunya dai, ita ce ta kai mu inda muke.

Da ya gama ya shiga zaure ya ɗauko akwatinsa. Na bi shi har gindin motar.

"Yaya, ka je wani yankin mana ka ɗebo wasu. Ai duwatsu ba su ƙare a duniya ba."

"Damina ta zo, kuma lokacin da aka ba ni na karatun bana zai ƙare. Ba za a sake ba ni wani ba." Ya ɗora akwatin a mota. "Jami'a ba ta riƙe mai digiri ɗaya. Ofishin gwamnati ma na nema, babu gurbi."

"To ina za ka?"

Ya ce akwai wani kamfanin kuza da ke bibiyarsa tun da ya gama digirin farko, yana ƙin su saboda Baba. Su ba ruwansu da digiri na biyu, mai sanin dutse kawai suke so. Ban sani ba ko dole ce ta sa shi ko fushi, ina jin shi ma bai sani ba. Ya shafa kan jaririna, ya hau gaban mota, suka tafi babu buhu ko ɗaya.

Na koma ciki na tarar da Inna a gindin murhu tana tura kara a wuta, idanunta jajur. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, a hankali, "Wancan ya koma makarantar tasu?"

Duk rayuwata ina sassauta saƙo tsakaninsu, in rage zafi nan, in ƙara zuma can. Ranar ban rage komai ba.

"A'a, Inna. Makaranta ta ƙare, duwatsun nan su ne makarantar. Jos ya tafi. Haƙar kuza."