Abin da Darlene Ta Faɗa a Rediyo

Darlene ta kashe mota a gaban kantin maganin yayanta Wendell, amma ta kasa fitowa. An ɗaure ƙyallaye masu ruwan ɗorawa a ƙofar, irin waɗanda alƙalin wasan ƙwallon Amurka ke jefawa a fili in ya ga laifi.

Ranar Asabar Wendell, da ke alƙalancin wasa, ya jefa nasa ana saura daƙiƙa tara, wai wani ɗan wasa ya riƙe abokin karawarsa, aka soke cin da zai ba jami'ar jiharsu nasara. Washegari bayan coci, mijinta Hoyt ya tasa soyayyar kaza a gaba yana rantsuwa alƙalan nan sun daɗe suna ƙin jami'arsu. Maƙwabcinsu ya ce makaho ma ya ga babu laifi. Hoyt ya ce ai surukin nasa ba makaho ba ne, aljihunsa ne ke gani.

Shi ya sa ta kira shirin magoya baya a rediyo. Ta ce ba wanda ya sayi yayanta, alƙalanci aikin Asabar ne kawai, shekara ashirin yana sayar da magani tsakani da Allah. Duk mai shakka ya je ya tambaya. Sai ta faɗi sunan garin, har da na titin. Kafin nan masu sauraro ba su san inda yake ba.

Da ta shiga, ta tarar ya zare wayar kantin daga bango. Ya ce tun safe mutum bakwai suka kwashe takardun maganinsu zuwa wani kanti.

"Yaya, kare ka na so yi."

"Na sani, auta. Kin iya karewa kuwa, har da adireshi."

Ta yi guntuwar dariya. Ta ce za ta sake kira ta gaya musu daidai ya yi, ko Hoyt zai mutu.

Wendell ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Sau goma sha ɗaya na kalli bidiyon wasan. Yaron bai riƙe kowa ba."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, wata tsohuwa sanye da rigar jami'ar ta shigo riƙe da takarda, tana kallon ƙasa. Wendell ya mayar da tabarau.

"Barka da zuwa, Misis Tolliver. Wane kanti zan tura miki takardun maganinki?"